Kofi Biyu Kafin Azahar

Na fi shekara biyu ina ɗaukar biro ina ajiyewa a kan wannan magana. In na ce zan rubuta, sai in tuna duk wanda ya karanta zai san abin da na yi. In na ce zan bari, sai abin ya hana ni sakat. Yanzu dai na yanke shawara, domin akwai abin da nake nema, kuma na gaji da tambayar mutane ɗaya bayan ɗaya.

Sana'ata rakiyar shanu. Daga kasuwar garinmu ake loda su a tirela, in hau tare da su har Legas, ina lura da wadda ta faɗi in tashe ta kada sauran su tattake ta. In mun sauke a Agege, nakan yi kamar mako guda a gidan yayana, wanda ya daɗe yana dillancin shanu a can, kafin in sami motar komawa.

Tsofaffin masu rakiya sun koya mana wata dabara tun farkon shigarmu hanya. In yunwa ta kama ka a garin da ba naku ba, dubi ƙofar mai abinci. In ka ga buta, ko tabarmar salla a naɗe a gefe, shiga ka ci, gidan Musulmi ne. In ba ka gani ba, haɗiye miyau ka wuce. Da wannan dabara na ci abinci a Mokwa, na ci a Jebba da Ilori, ban taɓa ganin abin ƙi ba. A Legas kuwa ban ma taɓa gwadawa ba. Tuwon gidan yayana nake ci, in zan fita in zuba ƙuli-ƙuli a aljihu.

Matar yayana tana da ƙane mahauci, sa'ana ne, haifaffen Agege, Yarabanci ya fi zama a bakinsa fiye da Hausa. Shi ne ya sa ni gaba da tsokana a tafiyar da abin ya faru.

"Ustaz," in ji shi, "shekara nawa kana zuwa Legas, amma cikinka bai taɓa zuwa ba. Kullum a Arewa kake baro shi."

"Cikina lafiyarsa ƙalau inda yake."

"Oya, maza tashi. Yau sai ka ci abin da 'yan gari ke ci. In ka mutu ni zan yi maka wanka."

Kwana uku yana yawo da ni a danfo, motar hayar Legas. A Mushin muka ci wake da aka dafa har ya narke, an zuba masa wani baƙin yaji soyayye, da burodi mai laushi. A Oyingbo muka ci wata shinkafa da ake ƙunsawa a ganye, mai ɗan wari, wadda na ƙi da farko na ƙare da neman ƙari. Ko'ina muka je sai na tsaya a ƙofa na duba buta kafin in sa ƙafa. Har ya laƙaba mini suna sufeton buta. Ba zan ɓoye ba, na ji daɗin kwanakin nan.

Rana ta huɗu ba mu yi nisa ba. Wata rumfa ce ta kwano a bayan layin dogo, tafiyar ƙafa daga kara, wato kasuwar shanu, inda mahaucin ya ce babu mai tuƙa amala, tuwon garin doya, kamarsu. Akwai buta biyu a ƙofa, shuɗiya da koriya, cike da ruwa. Na shiga hankalina kwance.

Sai da idona ya saba da duhun ciki na ga sauran abubuwan. Can ƙurya maza uku ne a kan benci, ba abinci a gabansu, ba sa hira. Da muka shiga suka bi ni da ido, suka tsaya a kan hulata. Kusa da su akwai wani babban duro shuɗi an rufe bakinsa da buhu, ƙudaje sun yanyame buhun. Wani tsami-tsami yana tashi a ɗakin. Matar da ke zuba abinci kanta ba ɗankwali. Na lura da wannan, amma na ce wa kaina zafin murhu ne ya sa ta cire.

Aka kawo amala da miyar ewedu, wato ayoyo, da ta wake. Yajin ya fi ƙarfina. Ina cikin ci wayar mahaucin ta yi ƙara, ya fita waje yana faɗa da wani a kan cinikin cinyar saniya. Sai yaji ya sarƙe ni. Na yi ta tari, hawaye na zuba, na jawo jug ɗin ruwa na tarar ya ƙare. Matar ta dube ni, ta dubi mazan, ta je ta ɗaga buhun nan ta ɗebo wani abu a kofin roba ta ajiye a gabana.

"Aboki, sha," ta ce da 'yar Hausarta. "Masara ne."

Kamanninsa na kunun zaƙi ne, sai dai ya ɗan fi duhu, da 'yar kumfa a gefen kofin. Ƙamshinsa irin na kunun da ya kwana. Daga inda nake zaune ina hango butocin nan a ƙofa. Na sake dubansu, na yi bismilla na kafa kai. Da sanyi, da zaƙi, yana ɗan tsinken harshe. Yajin ya lafa nan take. Ta ƙaro na biyu ban roƙa ba, na shanye, har wani ya zubo mini a hannun riga na dama. Ɗaya daga cikin mazan ya faɗi wata magana da Yarabanci ya yi dariya shi kaɗai. Sauran biyun ba su taya shi ba.

Da mahaucin ya dawo, idonsa ya faɗa kan kofin. Ya ɗauka ya sansana, ya ajiye a hankali.

"Nawa ka sha?"

"Biyu. Lafiya?"

Ya juya ga matar ya yi mata magana da sauri, murya ƙasa-ƙasa. Ita kuma ta buɗe tafin hannuwanta tana nuna ni tana kwaikwayon tarina. Sai ya ce, "Tashi mu je." Naman da ke kwanonsa ko taɓawa bai yi ba, shi da ba ya barin ƙashi.

Muna bin gefen layin dogo na ji kunnuwana sun ɗauki ɗumi, ƙafafuna sun yi sauƙi. Wani mai okada ya wuce da akuya a goye a kan babur ɗinsa, na yi dariyar da ta fi ƙarfin abin. Na kama kaina. Amma rana ma tana da zafi a ranar, yaji kuma yakan sa mutum haka.

"Matar nan Musulma ce?" na tambaye shi.

"Yayarta ce mai rumfar, Alhajiya ce. Butocin nata ne. Yau ta tafi biki, wannan ƙanwar ce ta tsaya mata. Ita coci take zuwa."

"Uwa ɗaya uba ɗaya?"

"Ustaz, nan Legas ne. Gida ɗaya sai ka tarar da masallaci da coci."

"To abin da na sha fa?"

"Kunun Yarbawa ne. Manta da shi." Yana faɗa yana kallon wani wajen.

Muka iso ɗan masallacin bakin kara ana kiran azahar. Na yi alwala, na kurkure baki ya fi sau goma. Limamin ya tafi jana'iza, aka tayar da iƙama babu mai shiga gaba. Akwai wani tsoho mai sayen fatu da kowa ke kira Baba, wanda ya girmi duk wanda ke wurin. Ya san na haddace 'yan izifi, kuma na taɓa ba su salla a baya. Ya dafa kafaɗata.

"Malam, bismilla. Kai ka fi mu karatu."

Nan ne wurin da nake komawa kullum. Ba kofin ba, nan. A daidai lokacin na tuna da hannun rigata, wanda ban wanke ba. Na san in abin nan giya ne, to najasa ce a jikina, kuma hankalina ma ban tabbatar da shi ba. Kalma uku ta ishe ni: ina da uzuri. Ba wanda zai tambaye ni mene ne. Amma na ji kamar in na faɗa kowa zai sansano dalilin a bakina. Na waiwaya. Sahu biyu ne, har da wasu baƙi biyu da jakunkunansu a gefe, masu jiran mota, waɗanda daga Hausarsu na gane 'yan Nijar ne. Mahaucin yana ƙarshen sahu, ya sunkuyar da kai ƙasa. Na jira ya ɗago ya yi mini alama. Bai ɗago ba.

Na shiga gaba. Da na ɗaga hannu zan yi kabbara, tsamin nan ya bugi hancina daga hannun riga. A raka'a ta biyu na miƙe ban yi zaman tahiya ba, sai muryar Baba na ji a bayana yana cewa subhanallahi. Tunda nake ba da salla hakan bai taɓa faruwa da ni ba. Na yi ƙabli, na sallame. Baba ya miƙo mini hannu ya ce, "Gajiyar hanya ce, Malam. Allah ya karɓa." Na ce amin. Baƙin nan biyu suka ɗauki jakunkunansu suka tafi.

Kwana biyu ban faɗa wa kowa ba. Rigar na wanke ta sau uku, daga ƙarshe na bayar da ita. A rana ta uku na koma rumfar ni kaɗai, da niyyar in sami yayar in tambaye ta tsakani da Allah. Na tarar an rushe duk rumfunan da ke bin layin dogon. Sai fasassun katako da tokar murhu. Na gane wurin da wani baƙin dutse da ke ƙofar. Masu tsintar kwano na tambaya, ba wanda ya san inda matan suka koma.

Da na koma garinmu na je wurin malaminmu na zayyana masa komai. Ya ce wanda ya sha abu bai sani ba babu zunubi a kansa, in kwantar da hankalina. Har na fara jin sanyi. Sai ya ce, "Lokacin da ka shiga gaba, kana da shakka a ranka?" Na ce ina da ita. Ya ja carbinsa. Sannan ya ce in bincika in san ko mene ne na sha, kuma in sanar da waɗanda suka bi ni, mai son ya rama ya rama.

Sai bayan sati shida na sake samun lodi. Ina sauka a Agege yayana ya ce mini, "Baba mai fatu ya rasu. Yana zuba wa fata gishiri ya faɗi, kafin a kai shi asibiti rai ya yi halinsa." Na zauna a kan wani turmi da ke tsakar gida.

Washegari bayan la'asar na miƙe a masallacin bakin kara na faɗi abin da ya faru. Wani dillali ya fashe da dariya ya ce, "Ashe Ustaz ya ɗana!" Wani kuma ya ce, "Ka san kana shakka ka tsaya mana a gaba? Ka ji tsoron Allah." Yayana ya ɗauki takalmansa ya fita. Mutum biyar suka tashi a nan take suka rama azahar ɗin. Mahaucin ya rantse a gaban kowa cewa kunu ne. Da muka keɓe kuwa sai ya ce shi bai taɓa sha ba, amma ya ji ana cewa in da safe ne kunu ne, in ya kai yamma ya zama wani abu. Na ce mu da tsakar rana muka je. Ya ce to shi ke nan, in rabu da shi. Yanzu in ya hango ni sai ya sake hanya.

Tun daga ranar ba a sake cewa in shiga gaba ba a masallacin nan, ni ma ban nema ba. Ƙarshen sahun baya nake tsayawa. Waɗanda suka rama sun rama. Baba ba zai rama ba, kuma shi ya amince da ni ya tura ni.

Wani direba ya ce mini sunan abin sekete, giyar masara ce. Wata mai sayar da tuwo da ta daɗe a Legas ta ce ba shi ba ne, wai shi ya fi haka ɗaci. Saboda haka nake roƙon duk wanda ya karanta wannan, in ya san abincin Yarbawa da shaye-shayensu, ya taimake ni da gaskiya ko da ba za ta yi mini daɗi ba. Abu ne na masara, mai duhun kunu, mai zaƙi da tsami da 'yar kumfa, ana ajiye shi a duro. Mene ne sunansa? Kofi biyu da tsakar rana yana gusar da hankali? In akwai wanda ya san wata Alhajiya mai amala da ƙanwarta da suka taɓa zama a bayan layin dogo na Agege, ya faɗa mini inda suka koma. In kuma kun san wasu 'yan Nijar biyu da suka taɓa yin azahar a masallacin bakin kara, ranar da liman ya manta zaman tahiya, ku isar musu da wannan. A bar saƙo a masallacin a ce na mai rakiyar shanu ne, duk sun san ni.