Ƙullin Zanen Mma

Ni ba mai yawo ba ce. Iyakata ƙofar gidanmu a Maamobi, sai famfo, sai kasuwar Nima. In ka gan ni cikin tirotiro, motar hayarmu, to lalura ce ta fito da ni. Amma akwai shekarar da na san hanyar bayan unguwar Alajo kamar yunwar cikina, saboda wata tsohuwa da ba mu haɗa jini ba.

Mma muke ce mata, duk gidan. Koko take sayarwa, ɗakinta na jikin namu, katako ne kawai a tsakani. Daga ƙasar Nijar mijinta ya zo da ita tun tana da ƙuruciya. Ya rasu, ba ta haihu ba, 'yan uwanta kuma suka koma gida lokacin da aka kori baƙi daga ƙasar nan, ita ta ce ba ta barin kabarin mijinta. Ita ta yi mini wankan jego har huɗu. Kullum sai ta tsokane ni. "'Yar Nima, wannan Hausa taki ta sha ruwan teku, zo in shanya miki ita." Ni kuma in ce, "Mma, kokonki ma yau ya sha."

Wata safiya ta faɗi a bakin tukunya. Ɓarin jikinta na dama ya shanye, magana ta tafi, ba abin da ya rage sai wani ɗan sauti a maƙogwaro. Na riƙe ta wata uku. Ɗaki ɗaya gare mu, ga maigida, ga yara huɗu, mai gidan haya kuma yana son ɗakinta. Sai aka ba mu labarin wani gidan gajiyayyu da wasu masu taimako suka buɗe a bayan Alajo. A zango, unguwarmu ta Hausawa, abin kunya ne a kai tsoho irin wurin nan, na sani, na kuma kai ta. Da akawu ya tambaya wane ne nata, na ce ni 'yarta ce, ya rubuta, na dangwala yatsa.

Dogon ɗaki ne na mata, gadaje goma sha wani abu, na maza yana baya. Mata uku ke aiki, da shugabarsu da ake ce wa Madam. Sai namiji ɗaya, ƙato, mai yawan fara'a, shi ke ɗaga waɗanda ba sa iya tashi, ya kai su rana ya dawo da su. Takalmin taya yake sawa, yana kuma jan ƙafa ɗaya. Tun daga nesa za ka ji shi: taf, shuu, taf, shuu. In ya gan ni sai ya ce, "Anti, kin kawo mana tuwo ko yau ma na tsohuwa ne kaɗai?" Har ɗan malmala nake ware masa. Wannan malmala tana tsaya mini a rai har yau.

Juma'a da Lahadi nake zuwa, bayan azahar. In yi mata wanka, in shafa mata man kaɗanya, in ɗaura mata zane. Ina soke mata shi ta hagu, sako-sako, don hannunta mai rai ya iya kwancewa. Ma'aikatan ma da suka ga haka sai suka riƙa yi mata hakanan.

Wata Lahadi na tarar da zanen a ƙulle. Ƙulli biyu, tamau, irin wanda ake yi wa bakin buhun masara. Sai da na sa haƙori kafin ya kwance. Na yi ta mita ni kaɗai, wace mace ce a duniya ke ƙulla zane haka? Ko 'yar shekara bakwai ta san sokewa ake yi. Na tambayi ɗaya daga cikin ma'aikatan, ta ce ita ba ta taɓa Mma ba yau, duk sun tafi coci tun safe, yanzu suka dawo. Na ce to wa ke gidan? Ta ce mai ɗagawa, kamar kowace Lahadi.

Ban kawo komai a raina ba, wallahi. Ko kuma na kawo na ture.

Lahadin da ta biyo, ƙullin nan dai. Ina durƙushe ina fama da shi sai na ji takalmin daga baranda. Taf, shuu. Hannun Mma na hagu ya damƙe wuyan hannuna, farcenta ya shige. Sautin nan na maƙogwaronta ya canza. Wata uku na kwana da matar nan, na san na yunwa, na san na fitsari, na san na dariya. Wannan ban taɓa jin sa ba, siriri ne, kamar ɗan akuya da aka danne. Mai ɗagawan ya leƙo ya ce, "Anti, sannu da zuwa," ya wuce. Ita kuwa gadon har rawa yake yi.

Na kwance zanen, na duba. Matar aure ce ni, ba sai an gaya mini abin da na gani ba.

Na juya na kalli sauran gadajen, tsofaffi a jere, wata makauniya, wata da hankalinta ya gushe tana wasa da bakin bargo. Ba wadda za ta iya faɗa wa kowa komai. Na rufe Mma da bargo, na fita da gudu na hau mota, ban zame ko'ina ba sai gidan Magajiya, shugabar matan unguwarmu, wadda ke jan mu wankan gawa da hidimar suna. Na faɗa mata a kunne. Ta yi salati, ta ce, "Ɗauko bokiti."

Abin da muka yi ke nan. Muka koma da sabulu da soso da turaren wuta da sabon zane. Muka ja labule, muka yi mata wankan tsarki cikakke, Magajiya ta yi niyya a madadinta, muna yi muna kuka. Tsohuwar da ba ta taɓa barin salla ta wuce ta ba, ko a kwance da ido take yi, yaya za mu bar ta magariba ta same ta a haka? Tsohon zanen kuwa Magajiya ta ce ko ganin sa ba ta son yi. Na wanke shi fes a famfon gidan, a hanya kuma na jefa shi cikin babbar kwata.

Da na gaya wa maigida, sai ya ce wannan ba maganar da dattawa za su sasanta a zaure ba ce, ta hukuma ce. Washegari muka tafi ofishin 'yan sanda, ni da shi da Magajiya. Aka haɗa mu da wata 'yar sanda 'yar arewa mai jin Hausa. Ta saurare ni har ƙarshe tana rubutu, sannan ta ce, "Anti, ina zanen?"

Na ce, "Na wanke na yar."

"Ita tsohuwar fa? Likita ya gan ta?"

"Mun dai yi mata wanka."

Ta ajiye alƙalami. "Da sabulu?"

Magajiya ta ce, "To da me ake wanka a garinku? Musulma ce fa, 'yar nan!"

"Hajiya, ni ma Musulma ce," in ji ta. "Amma abin da alƙali zai duba shi kuka wanke."

Ba wanda ya taɓa gaya mana. Mu a saninmu, in abu ya sami mace, farko a suturta ta.

Duk da haka ta yi ƙoƙari. An kai Mma asibiti, likita ya rubuta ɗan abin da ya gani, aka mayar da ita gidan gajiyayyun, aka kama mutumin. Ranar Laraba sai ga wata ma'aikaciyar gidan a ƙofarmu, ba ta ko zauna ba. Ta ce an ba da belinsa, kuma Madam ta ce ya koma aiki, tunda ba a tabbatar da komai ba, kuma ba su da wani mai ɗagawa. Na lissafa da yatsa: Alhamis, Juma'a, Asabar, sai Lahadi, ranar da ake bar masa gidan. Tuwon da nake tuƙawa ya ƙone a hannuna.

Ban jira Juma'a ba. Na ce wa maigida Mma za ta dawo, ko a kan kaina za ta kwana. Ya ce yaran maza su koma ɗakin ƙaninsa. Alhamis da safe muka ɗauki tasi, ni da Magajiya.

Madam ta tare mu a ƙofa, ranta a ɓace, wai mun ɓata wa gida suna. Ta ce ba mai fitar da kowa sai ɗan uwa na jini, ni kuwa an ce maƙwabciya ce kawai.

Magajiya ta ce, "Buɗe littafinku. Yatsan wa ke ciki?"

Ta buɗe, ta gani, ta rufe. Ta ce to, bari a kira mai ɗagawa ya kai ta mota.

Kafin in ce a'a har na ji shi yana tahowa. Taf, shuu. Ya shigo yana naɗe hannun riga, da murmushin nan nasa, ya ce, "Anti, ai ba faɗa. Bari in taimaka." Mma ta fara wannan siririn sauti. Ni ko mijina ban taɓa ɗaga wa murya ba, amma na shiga tsakaninsa da gadon, na juya masa baya, na durƙusa. Na ce, "Magajiya, ɗora mini ita." Ta ɗora, ta kawo zane ta goya mini ita kamar jaririya. Ba ta da nauyi ko kaɗan. Na bi ta gabansa, ina jin numfashinsa a gefen fuskata, ina jin zuciyarta tana bugun bayana. Ban waiwaya ba sai da tasi ta hau kwalta.

An kira shari'ar sau uku ko huɗu. A na ƙarshe lauyansa ya tambaye ni ta bakin tafinta, "Kin gani da idonki?" Na ce na ga ƙulli, na kuma ji kukanta. Ya ce ƙulli laifi ne? Aka yi dariya. Alƙali bai yi dariya ba, amma ya ce wadda abin ya shafa ba ta magana, shaida kuma ba ta isa ba. Aka sallame shi. Daga baya na ji ya bar gidan ya sami aiki a wani wuri, ban san ina ba, ban san wa yake ɗagawa ba. Tun daga nan duk matar da na zauna da ita, a suna ko a makoki, sai na gaya mata: in abu irin wannan ya faru, ku rufe ta, ku riƙe ta, amma kada ku taɓa ruwa sai likita ya gani. Wasu su ce bakina ba kunya.

Mma ta yi shekara biyu a ɗakinmu. Kwana na farko, maƙwabcinmu mahauci ya shigo tsakar gida yana jan silifa, sai ga ta tana rawar jiki har tabarma na motsi. Maigida ya fita ya yi masa magana a hankali. Ban san me ya ce masa ba. Na dai san daga ranar duk namijin gidan nan, har mai gidan haya, a bakin ƙofar waje yake cire takalmi ya riƙe a hannu, ya ratsa tsakar gida da ƙafa, ko ana ruwa. Baƙi su yi ta tambaya ko masallaci muka buɗe.

Ranar da ta rasu, ni da Magajiya muka yi mata wanka. Da muka fito, na ga maza a tsaye suna jiran makara, kowa da takalminsa a hannu.