Sabon Kunnen Jitar Baban Faustina

Duk wanda ya taɓa yin sujada a majami'ar da ke bayan layin dogo a Kafanchan ya san Bartholomew tela. Mutumin Manchok ne, gajere, mai sanƙo, kuma jitar bes ɗin da yake ratayawa, irin mai kaurin murya, ta kusa kamo shi a tsawo. Yana yaro ya haɗa jitarsa ta farko da galan ɗin mai da wayar birkin keke. Babansa ya jefa ta a murhu, ya sake haɗa wata. Da ya zo Kafanchan koyon ɗinki sai ya gamu da wani makaɗin otal da zai koma garinsu, ya sayi wannan jar bes ɗin a hannunsa. Tun daga nan, Litinin zuwa Asabar yana kan keken ɗinki, ranar Lahadi kuwa yana gefen mawaƙa, ido a rufe, leɓe a cije, kai ka ce shi kaɗai ke riƙe da ginin kada ya faɗi.

To, jita ta tsufa tare da mai ita. A ƙarƙashin tsirkiyoyinta akwai wani ɗan baƙin ƙarfe mai maganaɗisu, shi ke jin motsinsu ya aika wa sifika. Makaɗa na ce masa fikof, Bartholomew kuwa kunne yake ce masa. Wannan kunnen ne ya lalace. Da farko ƙugi yake yi kamar zuma sun shiga tulu. Daga baya, abin haushi, ya fara jawo rediyo. Wata Lahadi ana tsakiyar addu'a, kowa ya sunkuya, sai aka ji wani ƙato daga cikin sifika yana tallar maganin basir. Dattawa suka daure. Matan ƙungiyar zumunta ta majami'a kam ba su iya ba.

Mama Mildred, shugabar mawaƙa, tsohuwar shugabar makaranta ce, ba ta san kwana-kwana ba. Ana tashi ta tare shi a bakin ƙofa.

"Baban Faustina, ranar auren 'yarka wannan abin ba zai shiga coci ba. Mai kaɗa kibod zai yi mana bes da hannun hagu."

Hannun hagu! Maganar ta soke shi har ƙashi. Faustina ita kaɗai Allah ya ba shi. Tana jaririya a jikin sifikarsa take barci in ana koyon waƙa, kuma tun ba ta san ma'anar aure ba ya yi mata alkawari cewa ranar da za ta shiga majami'a da farar riga, shi zai kaɗa mata. Har ya roƙi yayansa ya riƙe mata hannu a madadinsa, don nasa hannuwan suna da aiki. Yanzu ga biki ya matso, a ce ya zauna a benci yana kallon wani yana yi masa bes da hannun hagu?

Washegari ya rufe shago, ya goya jita a kan babur sai wurin Gershon mai gyaran sifika a bakin kasuwa. Hammawa, wani Bafulatanin Godogodo da ya zo karɓar ɗinkinsa ya tarar ana rufe ƙofa, ya ce ai ba zai koma hannu rabbana ba, ƙafarsa ƙafar tela. Haka suka tafi tare.

Gershon ya zazzage kwali, ya jera kunnuwa uku a kan tebur. Na farko irin tsohon ne sak.

"Wannan zai ba ka muryarka ta da, Oga. Amma in an kunna fanka ko janareta, zai ɗan yi ƙugi."

"Ɗan ƙugi? Ka san Mama Mildred kuwa? Ajiye shi."

Na biyu ƙato ne, mai layi biyu, ba ya ƙugi ko kaɗan. Sai dai ramin jitar ya yi masa kaɗan, dole a sa kurfi a fafe katako. Bartholomew ya rungume jitarsa kamar an ce za a yi wa ɗansa kaciya a kasuwa. Shi da ke yanka yadin mutane kullum ba gargada, ya ce ko ƙwarzane ba za a yi mata ba.

Na uku siriri ne, sumul, ya shige ramin cif, amma da batir yake aiki, irin mai kusurwa huɗu, ana ɓoye shi a bayan jita a rufe da marfi. Don a ji bambanci, Gershon ya haɗa na farko aka gwada, ya kwance ya haɗa na uku. Bartholomew ya taɓa babbar tsirkiya sau ɗaya, sai da kwanon rufin shagon ya amsa.

Hammawa ya gyara sandarsa a kafaɗa ya ce, "Wancan kukan maraƙi ne. Wannan shi ne bijimi."

Shi ke nan, an gama zaɓe. Gershon ya yi ta bayani a kan batirin, wai in an gama kiɗa a riƙa zare waya daga jikin jita, don muddin tana soke batir na ci ko ba a taɓa ta ba. Ina! Bartholomew ya riga ya rufe ido ya cije leɓe, yana gyaɗa kai. Gershon ya ɗauka amsa masa yake yi.

Ga kuma inda sana'a ta cuci Bartholomew. Matasan majami'a sun addabe shi da aron waya, a ɗauka a kai kibod, a kai makirufo, ba a dawowa da ita. Saboda haka da ya sayi sabuwa don biki, sai ya zauna a kan keke ya ɗinke ta a jikin maratayin jitar, ɗinki biyu, ya bi kanta da baƙin salatif ya naɗe a ramin da ake soke ta yadda ko shi kansa ba zai iya zarewa ba. Ya yi ta yaba wa kansa wannan dabara, har maƙwabta ya kira su gani.

A wurin koyon waƙa Mama Mildred ta kasa kunne, ta sa aka kunna fanka, ta sa aka kashe, ba ta sami abin kamawa ba. Ta ce, "To, ba laifi." Daga bakinta wannan lambar yabo ce. Daga nan ɗinkin anko ya rufe shi, zannuwan dangin amarya da na ango duk a kansa, ya jingine jita a kusurwa makonni, waya a soke, an lulluɓe ta da atamfa.

Ranar aure majami'a ta cika har tagogi. Dangi daga Manchok, mutanen ango daga Kachia, ga Hammawa a bencin baya da sabuwar rigarsa. Bartholomew ya sha babbar riga, ya rataya jita. Amarya ta iso bakin ƙofa, Mama Mildred ta ɗaga hannu, ya ja tsirkiya.

Shiru. Ya murɗa nan, ya murɗa can, ya buga wa sifika tafi. Ko ƙugin da aka raina babu. Gumi ya keto masa daga sanƙo har cikin wuya. Mama Mildred ta harare shi, ta yi wa mai kibod alama, aka ɗauki waƙa da bes ɗin hannun hagu. Wallahi a lokacin da ƙasa za ta tsage da ya shige.

Aka yi baiti ɗaya, aka shiga na biyu, sai mutane suka fara waiwaye. Amarya ba ta motsa ba. Yayan Bartholomew na jan hannunta, ita kuwa ta kafe. Waƙa ta yi ta sirancewa har ta mutu, sai aka ji muryarta daga ƙofa.

"Ban ji Baba ba. Ba zan shiga ba sai na ji Baba."

Ango ya kalli abokinsa. Gershon, wanda shi ma ya zo biki, ya tsallako benci biyu, ya juya jitar, ya ga ɗinki da salatif, ya kama kai.

"Oga, ka ɗinke waya? Batir ya mutu tuntuni!"

Aka shiga tambaya wa ke da batir mai kusurwa huɗu. Wa zai zo biki da shi a aljihu? Can sai Rabaran, wanda ke tsaye a gaba da makirufo marar waya, ya dube ta, ya dubi amarya, ya yi ajiyar zuciya. Ya buɗe gindinta ya zaro batir ya miƙa.

"Yau sai in yi wa'azi da muryar da Allah ya ba ni. Ba zai yi tsawo ba."

Wani dattijo ya ce "Amin" da ƙarfin da ya wuce kima. Gershon ya kwance marfi da makullin babur, ya sauya, ya mayar.

Bartholomew ya ɗora yatsa. Muryar ta fito, mai kauri, mai tsabta, ta bi ƙasa ta shiga ƙafafun mutane. Sai dai sabon kunnen ba ya ɓoye komai. Duk majami'a ta ji kowane motsin yatsun Bartholomew a cikin sifika, har da inda ya zame ya taɓa tsirkiyar da ba ita ba. Mama Mildred ta ji sarai. Ba ta ko juyo ba, ta ɗaga hannu mawaƙa suka bi shi a hankali, yadda yake iyawa.

Faustina ta tako. Wannan karon bai rufe ido ba, ya bar su a buɗe, hawaye na sauka a kan babbar riga, yana kallon 'yarsa tana tahowa. Da ta zo daidai inda yake sai ta ɗan tsaya, ta ɗaga mayafi kaɗan, ta ce, "Na ji ka, Baba." Sannan ta wuce wurin mijinta.