Nauyin Tum

A garin Nakhon Sawan, duk mai son a zaunar masa da a-kori-kura har cikinta ya kusa shafar kwalta, garejin Tawin ake nuna masa. Mutum ne mai taurin kai da ɗacin baki, amma aikinsa ba a kushe shi. Ba ya taɓa saitin ƙafafun mota sai ya gama da tsayinta, kuma ba ya gwada tsayi sai mai ita na zaune a ciki. A cewarsa, motar da ba kowa a kanta ƙarya take yi.

Tasa motar, tsohuwar a-kori-kurar da ya gada wurin ubansa, ita ta kashe masa aure. Yau ya rage sifirin, gobe ya sake shokozoba, matarsa Bunruan na jira har shinkafa ta sandare. Da ta gaji, ta ɗauki ɗansu Tum ta koma gidan yayanta Sawat. Girman kai ya hana Tawin zuwa biko, shekaru suka yi ta tafiya.

Kwatsam sai ga waya daga gidan Sawat. Tum zai shiga zaman haikali na damina, yadda samari ke yi don iyaye su sami lada, kuma a motar kakansa yake so a kai shi. Tawin ya ji hawaye sun zo masa. Ya san idan wannan damar ta kuɓuce, shi da yaron sai dai gaisuwar hanya.

Ya so ya ce Tum ya zo a gwada tsayin motar da shi a kai, kunya ta hana shi. Sai ya ɗora buhun shinkafa a baya, daidai nauyin yaron da ya sani, siriri mai dogon wuya. Ya sauke motar har yatsa ɗaya kawai ke shiga tsakanin taya da jikinta, ya ja zare daga ƙafar baya zuwa ta gaba, ya yi ta juya ƙarfen sitiyari har tayoyin suka miƙe ɗas.

Ranar rakiya, Tum ya fito da askakken kai da fararen kaya. Ƙato ne, ƙirji kamar ƙofa. Yana hawa, motar ta nisa. Bunruan ta hau da rigunan haikali a tire, Sawat ya biyo da laima.

"Maigida, wannan mota ce ko tabarma?" in ji Sawat. "In kwanciya za mu yi, a faɗa mana mu ɗauko filo."

"Hau ka rufe mana baki," Tawin ya ce.

Makaɗa na gaba, mata na rawa, tayoyin baya na gogar ƙarfe, ƙaurin roba ya cika layi. A bakin haikali akwai ɗan tudun siminti wanda ko keke ba ya lura da shi. Nan cikin motar ya daki ƙasa, ta tsaya cak. Yara suka fashe da dariya.

A unguwarsu, mai shiga haikali ba ya taka ƙasa. Ɗaukarsa ake yi. Tawin ya fito da sauri, ya durƙusa a bayan motar, ya miƙa kafaɗa.

"Hau, ɗana. Ni zan shigar da kai."

Tum ya dube shi, ba fushi ko kaɗan, abin da ya fi yi wa Tawin ciwo ke nan.

"Bari, Baba, kar ka ji wa kanka rauni. Kawu ya saba da ni."

Sawat ya miƙa laimar ga wani, ya sunkuya, ya saɓa shi. Ayari ya raba biyu ya kewaye motar ya shige. Tawin bai ko miƙe ba wani dattijo ya daka masa tsawa, wai mai wannan akwalar ya zo ya janye ta, ta tare wa dangin yaro hanya.