Ranar da Kawu Ya Ba Ni Makullin Koriyar Motarsa

Akwai wata safiyar Lahadi a Dubai da ba na jin za ta taɓa fita daga raina, komai yawan shekarun da Allah zai ba ni. Ita ce safiyar da kawuna, yayan mahaifiyata, ya ɗora mini makullin motarsa a tafin hannu.

Bari in fara gaya muku irin motar. Tsohuwar motar Ingila ce ƙirar tsere, kujera biyu rak, koriya shar, rufinta na tamfol da ake naɗewa baya. Ta girme ni nesa ba kusa ba. Sitiyarinta na katako ne, in ka zauna a ciki kuwa sai ka ji kamar a kan kwalta kake zaune. Ba ta da esi, a garin da ko daga ƙofar gida zuwa bakin titi sai gumi ya wanke ka, kuma duk inda ta kwana sai ta bar ɗigon baƙin mai. A sitonmu na Al Warsan take, inda muke tara kwalayen takalma da jakunkuna kafin a loda su a kwantena. Kawu ya ware mata lungu guda, ya lulluɓe ta da zanin gado.

A lokacin ni ke kula masa da ofishin kargo a Naif, kuma ba zan ɓoye muku ba, haushin motar nake ji. Abokan kasuwancinsa na shiga manyan motocin jif masu sanyi, shi kuwa duk Asabar yana kwance a ƙarƙashin wannan abu da sifana a hannu. Nakan ce, “Kawu, don girman Allah ka rabu da gwangwanin nan.” Sai ya yi dariya ya ce, “Uwata, ba ki san ta ba ne.” Sunan mahaifiyarsu aka sa mini, shi ya sa yake kirana haka. Kuma ba mai tuƙa ta sai shi. Ko ’ya’yan cikinsa in sun zo hutu daga Kano, iyakarsu su jingina da ita a ɗauke su hoto.

Da na sa hankali da na gane akwai abin da ke damunsa. Ya fara kai takarda har kusa da hancinsa kafin ya karanta. Yakan miƙo mini waya ya ce in karanta masa saƙo, wai ya manta tabarau, alhali ga tabaran a fuskarsa. Ni ina can ina fama da kwastomomi, ban kawo komai a raina ba.

Ran nan, lokacin sanyi ne, ina idar da sallar asuba ya kira ni ya ce in same shi a sito, kuma kada in sa takalmi mai tsini. Na iske ya yaye zanin gadon, ya naɗe rufin, yana tsaye da farar jallabiya. Bai tsaya doguwar gaisuwa ba, ya kamo hannuna ya sa makullin.

Na ce, “Kawu, lafiya?”

Ya ce, “Sun ƙi sabunta mini lasisi. Na faɗi gwajin ido. Likita ya ce ciwon suga ne ya taɓa idanun, kuma ba gyaruwa za su yi ba. Ni da tuƙi khalas, shi ke nan.” Ya faɗe shi kamar yana ba ni labarin wani. Sannan ya ce, “Yau masu tsofaffin motoci ke haɗuwa. Ke za ki kai ni.”

Lasisina na mota mai giya ne, amma rabon ƙafata da kuloci tun zuwana Dubai. Sau uku motar tana mutuwa kafin mu fita ƙofar sito. Da na zo saka giya ta biyu sai ta yi wata ƙara ƙurrr, Kawu ya runtse ido kamar ƙafarsa na taka.

Ya ce, “Ba da ƙarfi ba, Uwata. Shwaiya shwaiya, a hankali. Yatsa biyu sun ishe ki. Ba faɗa kuke yi ba.”

Na ɗaure mayafina tamau, muka hau babban titi muka nufi wajen gari. Dogayen gine-gine suka fara raguwa, yashi ya fara bayyana hagu da dama. Kawu ya jingina kai, ya rufe ido gaba ɗaya, yana ba ni umarni da kunne kawai. “Bar ta ta ɗan ƙara... to yanzu, ta uku.” Ina sakawa sai na ji motar ta saki jiki ta miƙe. A motar jif mutum zaune yake kawai ana tafiya da shi. Wannan kuwa komai a jikinka kake ji: titin yana hannunka, injin yana ƙirjinka, ga iska mai sanyi, ga ƙanshin tsohuwar fata da fetur. Ban san lokacin da na fara dariya ba.

Ina cikin jin daɗin nan sai ta yi tari sau biyu ta mutu. Na gangara da ita gefen titi. Na ce shi ke nan, mota ta yi shekaru a hannunsa lafiya, ni na kashe ta a rana ɗaya.

Kawu ko a jikinsa. Ya ce, “Murɗa makullin, amma kada ki tayar. Me kika ji?”

Na ce, “Ba komai.”

“To shi ne matsalar. Kamata ya yi ki ji tik-tik-tik daga baya. Famfon mai ne ya yi barci. Ɗauko sifana.”

Muka durƙusa kusa da tayar baya, ni da abayata a cikin ƙura. Bai ko leƙa ba, don leƙen ba zai amfane shi ba. Ya kama wuyan hannuna ya cusa shi ƙarƙashin motar, ya ɗora yatsuna a kan wani ɗan ƙarfe mai kama da gwangwanin madara. Ya ce, “Ƙwanƙwasa shi, kamar kina ƙwanƙwasa ƙofar surukai.” Na ɗan buga sau biyu. Sai ga tik-tik-tik. Wallahi ihun da na yi har wani direban tirela ya danna mana hon.

Bai ce mu tafi nan take ba. Ya jingina da motar ya ba ni labarin da ban taɓa ji ba. Ya ce kakana bakanike ne a Fagge, mutum mai tsanani, wanda ’ya’yansa ke yin tsit in sun ji takunsa. Wata rana wani likita ya kawo irin wannan mota gyara. Da aka gama, kakan ya ce wa Kawu ya shigo su gwada ta. “Muna hawa titi ya taka ta,” in ji Kawu, “hularsa ta tashi, sai na ga babana yana dariya har da dukan sitiyari. Ban taɓa ganin haƙoransa a waje ba sai ranar.” Shekaru da yawa bayan haka ya tsinci wannan a filin tsofaffin motoci a Sharjah, ba taya, ba kujera, ya yi shekara huɗu yana haɗa ta da hannunsa.

Wurin haɗuwar wani fili ne a gaban shagon shayi a bakin sahara. Ga motocin nan jere, ja, shuɗiya, fara, duk an buɗe bonet. Larabawa, Indiyawa, Turawa, kowa sai “Haji! Habibi!” yake yi wa Kawu. Mutumin da na sani da lissafin kilo da ciniki, ashe a nan malami ne, ana jan hannunsa ya saurari inji.

Can sai ga wani dattijo Ba’indiye mai furfura, likitan haƙori, ya zo ya rungume Kawu, ya shafa motar a hankali. Kawu ya juyo ya ce da ni da Hausa, “Uwata, ba shi makullin. Ya daɗe yana son ta, kuma zai riƙe ta da amana. Na yi masa alkawari zan sayar masa.”

Sai a lokacin na gane ashe rakiyar bankwana na yi. Na damƙe makullin, na kai hannuna baya kamar ƙaramar yarinya.

Na ce, “Ba zan bayar ba.”

Ya ce, “Ke! A gaban mutane?”

Na ce, “Kawu, ido aka ce ya samu matsala, ba kunne ba, ba hannu ba. Ga nawa idon. Duk Lahadi zan kawo ka.”

Likitan ba ya jin Hausa, amma ya dubi ƙurar da ke gwiwar abayata, ya dubi baƙin man da ke yatsuna, ya tambaye ni da Turanci ko famfon ne. Na ce shi ne. Ya ce wa ya buga? Na ce ni. Sai ya tuntsire da dariya ya ce, “Haji, motarka ta riga ta zaɓi mai ita.”

Kawu ya ce, “Amma na yi alkawari.”

Likitan ya ce, “Na yafe. Sharaɗina ɗaya, in riƙa ganinta a nan, kai kuma kana ciki.”

Kawu ya cire tabarau ya daɗe yana gogewa da bakin jallabiya. Da ya mayar sai ya ce, “To yalla, je ki karɓo mana shayin karak. Kuma a hanyar komawa kada in sake jin wannan ƙarar a giya ta biyu.”

Sanyi uku muka yi a jere muna wannan fita, kafin ya tattara ya koma Kano cikin jikokinsa. Motar tana wurina, kuma yanzu ni ce ke kwanciya a ƙarƙashinta ranar Asabar, maigidana yana tsokanata.

Abin da ranar ta koya mini shi ne, in ka ga babba ya riƙe wani abu da kake gani shirme ne, ka zauna kusa da shi ka tambaye shi dalili tun yana da bakin gaya maka. Kuma irin su Kawu ba sa buɗe baki su ce a taimake su. Sai dai su kira ka da sassafe su ce ka raka su wani wuri. In an kira ka, ka je.