Akuyar da Aka Lulluɓe wa Hoto

Akuyar ta maiɗakina ce. Mahaifinta ne ya ba ta lokacin da muka tare a Dutse, wata ja mai faɗan tsiya, wadda ba ta san ni ne maigidan ba sai in ta gan ni da kwanon dusa. Da ta yi haihuwa ta uku, ba a rufa mako ba hantsarta ta kumbura, ta yi tauri, ta hana 'ya'yan sha. Ni ma'aikacin ofis ne, takarda na sani. Don haka da safe na tsuguna na ɗauki hoton wurin, na matso da waya sosai don masana su gani da kyau. Ba ƙaho a hoton, ba kofato, ba wutsiya. Na ɗora a shafina na sada zumunta, na rubuta: "Jama'a a taimaka da shawara. Kwana biyu ke nan da kumbura, yau har wurin ya yi ja. Me ake shafawa?" Ban ambaci akuya ba, don a ganina hoto ya gama magana. Na jefa waya a aljihu na tare adaidaita.

Sai bayan azahar wata abokiyar aikina, 'yar Filato, ta leƙo ofishinmu tana danne dariya. "Oga, yaya mai jiki? Ka duba wayarka."

Na duba. Ashe na'urar shafin ta ga tsoka ja, ta yanke hukuncinta. Ta lulluɓe hoton da toka-toka, ta rubuta gargaɗi cewa abin da ke ƙasa ba kowa ya kamata ya gani ba, mai so ya danna. Tambayata kuwa tana nan a sama tsirara. Na sake karanta ta, ni da na rubuta, sai da kunya ta kama ni.

Kowa ya san abin nan tun muna yara. In babba ya ce "yara ku fita waje," to ko farashin gishiri za a faɗa, ya zama babbar magana, kuma a bayan ƙofa za mu laɓe. Gargaɗin nan haka ya yi mini. Bai ce na yi komai ba, ya dai kori yara.

Abokai kuwa suka samu nama. Wani ya ce Allah ya sawwaƙe, amma da na neme shi a keɓe. Wani ya ce shi ma wansa ya taɓa yi, sai da aka kai shi Kano. Abin da ya fi ƙona mini rai shi ne na san rabinsu sun danna sun ga akuya. Amma duk wanda ya rubuta "ai dabba ce" ya tona wa kansa asiri cewa shi mai leƙe ne, don haka malaman nan duk suka yi gum. Cikin fushi na goge komai.

Da na koma gida na tarar da maiɗakina tsaye a tsakar gida da waya a hannu. "Inna ta kira," ta ce. "Wai Baba ya ce a tambaye ni ko lafiya muke. Sau biyu tana maimaitawa."

Na manta shaf surukina yana bin shafina. Tsohon hedimasta ne a wani ƙauye kusa da Ringim, mutumin da ko rediyo aka sa waƙar banza sai ya tashi ya bar wurin. Shi ya ba ni 'yarsa ba tare da ya tambayi abin da nake da shi ba, ya ce ya yaba da natsuwata. Na tabbata ya ga gargaɗin, kuma na tabbata ba zai danna ba ko za a yanka shi.

"To ka tura masa hoton mana," in ji ta.

"In tura wa Baba wannan hoton? Ni?"

"Da ka bar shi a shafin, ai wani zai gaya masa. Ka goge shaidarka da hannunka, Malam."

Gaskiya ta faɗa, shi ya sa na ji haushinta. Kwana uku ina juya maganar. In kira shi in ce me? Tsakanina da shi gaisuwa ce da kai a sunkuye, ko abinci ban taɓa ci a gabansa ba. Ranar Juma'a, da ya saba kira ya tambayi jikoki, wayar ba ta yi ƙara ba.

Asabar da sassafe na ɗaure akuya, na zuba 'ya'yanta a kwali, ni da maiɗakina muka nufi tasha. Direban bas ya so ya yi gardama, na ce masa marar lafiya ce za ta ga likita. Tun daga Dutse har Ringim take kuka a but ɗin motar, ni kuwa ina ta salati a zuci.

Mun same shi a zaure yana gyaran fartanya. Na tsuguna na gaishe shi, ya amsa bai dube ni ba. Na ce, "Baba, akuyar nan ce ba lafiya, na ce bari in kawo ka gani."

Ya ajiye fartanya, ya kama ta, ya leƙa ƙarƙashinta. Ya daɗe yana kallo. Ya aika a kawo ruwan ɗumi da tsumma, ya gasa wurin a hankali, ya shiga tatsa, ita da take harbin kowa ta tsaya masa cik. Sai can, idonsa na kan hannunsa, ya ce, "Wannan ce ta cikin waya?"

"Ita ce, Baba."

"Alhamdu lillahi," ya ce. Ya sake faɗa, ya kuma sake.

Na ji kamar an sauke mini buhun gero daga ka. Na fara haɗa kalmomin ban haƙuri, in nuna masa ni ba mutumin banza ba ne, sai ya ɗaga hannu ya tsayar da ni.

"Wa ya ce kai mutumin banza ne? Na ɗauka ciwo ne ya same ka inda ba a faɗa, har ya kai ka ga tambayar duniya, mu kuma kana jin nauyinmu. Kwana uku ina neman bakin da zan tambaye ka jikinka, na rasa."

Ina can ina tsoron ya raina ni, shi yana nan yana tsoron kada in mutu da kunya a bakina.

Ya juya wajen 'yarsa da ke rakuɓe a bakin ƙofa, ya yi gyaran murya. "Ke, shiga ki gaya wa innarki ta sauke tukunyar saiwoyin nan. Mijinki lafiyarsa ƙalau."