Wayar Kunnen Ɗiyata

Sanƙarau ya kama ɗiyata tana ƙarama, ta tashi daga ciwon ba ta ji. Kalmomin da ta riga ta koya suka fara zubewa ina kallo, har ta koma nuni da yatsa. Wasu likitoci baƙi da suka zo Yamai suka yi mata aiki, suka dasa na'ura a ƙashin bayan kunnenta. Sauran na'urar a waje take: wani abu da ake rataya wa kunne, da siririyar waya, da ɗan faifai mai mannewa a kai.

Ran da aka kunna, ta ƙwala ihu ta fizge abin. Sai da bakinta ya dawo ta gaya mini muryata ta zo mata kamar kukan zabi cikin gwangwani. A hankali ta saba. In mutum ɗaya ke magana tana ganewa sarai, amma cikin taron suna sai ta kafe leɓen mai magana da ido.

Shekarar da sojoji suka karɓi mulki aka rufe iyakoki, wuta ta yi wuya a garinmu Filinge. Ni duk tunanina yana kan cajin batir, ashe ba ta nan abin zai zo ba. Wata safiya ina ɗaure mata kallabi ta riƙe hannuna.

"Inna, ki yi magana."

Na kira ta.

"Inna, ki yi magana mana!"

Wayar ce ta tsinke daga ciki. Na buga wa likitan da ke duba ta a Yamai. Ya ce, "Madam, wannan wayar daga ƙasar waje taka zowa, yanzu ko hanya ta toshe. Ki riƙa yi mata magana tana kallon bakinki."

Na yi. Duk da haka muryarta ta fara karkacewa, ƙarshen kalma na ɓacewa. Ta daina zuwa lakwal, makarantar boko. Ko tabarya ta faɗi sai na juya in ga ko ta zabura. Ba ta zabura.

Ranar kasuwa na tsaya sayen kuka, ta sulale ta hau titi. Motar sojoji ta taho daga bayanta tana ta oda. Ita kuwa tafiyarta take, tana lasar tsamiya. Motar ta ci birki dab da ita, wani soja ya diro da bindiga a kafaɗa yana daka mata tsawa. Ba ta waiga ba.

"Kurma ce!" na ce da iyakar muryata. "Don Allah, kurma ce!"

Ban taɓa yarda wani ya kira ta haka ba. Sojan ya dube ni, ya kama hannunta, ya tsallako da ita ya danƙa mini.

Bayan girbi, wani direban motar garin Bonkuku da likita ya ba saƙo ya kawo sabuwar waya cikin ambulan. Na haɗa, na manna mata. Ta runtse ido. Can ta nuna bayan danga ta ce akuyar maƙwabta ta cika surutu.