Shekarar da Bokiti Ya Cinye Mini Taki

Gonata ba ta da girma. Gadon mahaifina ce, a hanyar Kangire, jigawa ce mai yashi wadda in ba ka ba ta ba, ba ta ba ka. Takin zamani ya fi ƙarfina. Abin da ke ciyar da ita shi ne sharar layinmu a Birnin Kudu.

Tun ina amarya haka muke yi. Kowace mace tana da kusurwa a bayan ɗaki inda take zuba toka da kashin awaki da ɓawon gyaɗa. Leda da fasasshiyar kwalba ba sa zuwa nan, nasu wurin daban. Da bazara in turo mai amalanke ya bi gida-gida ya kwashe ya kai mini gona. Da kaka kuma kowace ta tarar da harawar wake a ƙofarta, ta ba awakinta. Ba wanda ya koya mana, ba wanda ya tafa mana.

Sai aka zo da gasar tsafta. Duba-gari ya tara matan layi, aka kafa ƙaton durom a bakin titi, aka ce duk shara can za ta. Gidan da aka shiga ba a ga tarin komai ba, za a ba shi sabon bokiti. Lokacin ina ajin yaƙi da jahilci, da bakina na haɗa baƙaƙen da ke jikin durom ɗin, wai a riƙa sake amfani da shara. To mu da can me muke yi?

Na ce, "Malam, tokar fa da kashin awaki?"

Ya ce, "Inna, ni dai an ce mini tari, tari ne. In na gani sai na sa alama."

Shi ban riƙe shi ba sosai, ɗan aike ne. Wadda ta ƙona mini rai maƙwabciyata ce, wadda nake kira Yaya, wadda awakinta suka yi ƙiba da harawata. Washegari na gan ta da kwando a ka, toka da leda da kunzugun jikanta duk a cakuɗe, ta nufi durom.

Na ce, "Yaya, abincin gonata kike zubarwa!"

Ta ce, "Ke 'yar boko, ba ke kika karanta mana ba? Zamani ya zo."

"Zamanin bokiti? In bokiti kike so ga nawa, ɗauki."

"Naki ai ya tsage," in ji ta, ta wuce tana dariya.

Sauran mata suka bi ta. Da bazara ta zo, kusurwoyi fes, kamar an lashe. Durom kuwa ya cika ya tumbatsa, ya zama dutse a bakin titi, don motar kwasa sai ta ga dama. Ba yadda zan yi, can na je. Na tsuguna a bainar jama'a ina tsince leda da batir da ƙyalle, hannuna duk yanka, na sa aka kai abin da ya saura gona. Amma ledar da ta dagargaje cikin toka wa zai tsince ta?

Damina ta yi kyau a shekarar, kowa ya shaida. Gerona ne kawai ya tsaya iya ƙugu, ya yi ja. In na tuge tushe sai in ga saiwa ta nannaɗe da baƙar leda. Waken bai yi yaɗo ba balle harawa. Abin da na girbe bai kai mu sanyi ba.

Bayan kaka sai ga Yaya, riƙe da bokitin da ta ci, shuɗi, ko takardar jikinsa ba ta ɓare ba. Wai ta zo ɗibar harawa, bana shiru.

Na ce, "Ki kai wa awakin bokitin su ci."

Ta tsaya ta dube ni, ta juya. Mun daɗe ba ma gaisawa.

Na mayar da kusurwata. Duba-gari ya zo ya shafa jan fenti a bangona, na ce ya ƙara, ya yi wa gidan kyau. Sannu a hankali wasu matan suka dawo da nasu, da suka ga awaki na cin bango. Yaya ma ta dawo da tata.

Gonar dai har yau ba ta koma yadda take ba. Duk sara ɗaya, fartanya sai ta fito da leda a baki.